Karkataccen Kabarin Lolo Abdon

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Ban sa hannu ba.

Yayana, Manong Honorio, ya kawo takardar har gida, da biro a aljihun gaba kamar har yanzu yana kan kujerar alƙalanci. Shekara tara ke nan da ya yi ritaya, amma ko ruwan sha zai nema a gidan ƙanwarsa sai ya yi kamar hukunci yake yankewa. Ya ce hukumar gari za ta faɗaɗa titin da ya bi ta bayan makabarta, duk kaburburan da ke wajen katanga za a kwashe su kafin biyar ga Nuwamba. Na kakanmu yana ciki. Shi kuma ya gama shirinsa: a tono Lolo Abdon, a ƙona abin da ya rage, a zuba tokar a tulu, a saka a bangon coci kusa da tokar Pacita, matar Manong. Mu biyu ne jikokin da suka rage, ofishin lafiya kuma ba ya ba da izinin ƙonawa sai da hannunmu duka. In ba mu daidaita ba, ramin gayya za a zuba shi tare da waɗanda ba su da kowa.

"Wuri biyu ne kawai, Inday Nila, ƙanwata. Nan da nan."

Na ce, "Manong, shekara arba'in ina karɓar haihuwa a garin nan. Ban taɓa jawo ɗa ba sai na san yadda yake kwance."

"Wannan ai gawa ce, ba haihuwa ba."

"Ita ma sai na san yadda take kwance."

Ya bar takardar a kan tebur ya fita. Na ɗora tukunyar shinkafa a kanta.

Talata, 8 ga Oktoba, da safe

Bari in rubuta abin da na sani game da shi, don in ga yawan abin da ban sani ba.

Daga ƙasar Sham ya zo, wani gari wai shi Homs. Takardun sarkin Turkiyya ya shigo da su, shi ya sa har ya mutu garin nan Turko yake ce masa. Da ƙafa ya yi tallan yadi da allura da carbin coci, daga wannan gonar rake zuwa waccan, har ya buɗe kanti a bakin kasuwa. Ya mutu a 1938, lokacin Nanay, mahaifiyarmu, tana da shekara goma sha uku, ita kaɗai ya haifa. Ba ya cin alade, an ce cikinsa yake ɓata masa. Kabarinsa a karkace aka yi shi, ya saɓa wa duk na kusa da shi, an ce maginin a buge yake.

An ce, an ce. Duk gadon da ya bar mana ke nan, sai dogon hancin da ni da Manong muke yawo da shi.

Akwai maganar 1978, amma ba yau ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Na wuni a ofishin coci. Manang muke ce wa duk macen da ta manyanta. Manang Dioscora, wadda ke riƙe da littattafan tun zamanin Fada uku da suka wuce, ta fito min da littafin binne matattu na 1938, an naɗe shi cikin tsohon zanen tebur. Ta ce in ɗaga shafi a hankali, in ya yage a hannuna ita da ni za mu haɗu a gaban Fada.

Mun same shi a watan Agusta. Ita ta karanta, don Sifaniyancina bai wuce na addu'a ba: "Abdon Saman, Turko, ɗan shekara sittin. An binne shi a wajen katanga saboda..."

Daga nan sai rami. Gara ta ci dalilin. Duk faɗin shafin nan, da sunayen mutanen da ba wanda ke nemansu, ba ta ga wurin ci ba sai nan. Na yi dariya har Manang Dioscora ta ɗauko min ruwa, ta zaci wani abu ne ya same ni.

Juma'a, 11 ga Oktoba, da yamma

Na faɗa wa Manong a waya. Ko jinkiri bai yi ba. Wai ɗan ƙungiyar asirin nan ta Mason ne, duk manyan 'yan kasuwar lokacin haka suke, coci kuma ba ta binne su a ciki. "Mutumin da ya sayar da carbi shekara talatin, me kike so ki mai da shi?"

Na ce ni ma na yi shekaru ina raba maganin tazarar haihuwa, kuma shida na haifa.

Ban sa hannu ba.

Talata, 15 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Birnin Iloilo, tafiyar awa biyu a mota, gwiwata tana zagina tun daga tasha. Takardun hukumar garinmu sun ƙone a lokacin yaƙin Japan, amma a ɗakin ajiyar birni akwai kwafin wasu. Na zauna gaban na'ura ina juya hotunan shafuka har idona ya fara ganin biyu-biyu.

Na samu auren Lolo da kakarmu, 1923. A gaban alƙalin sulhu aka ɗaura, ba a coci ba. Na nemi sunansa a littafin baftisma na majami'u huɗu, babu. Sunan mahaifinsa ma na gani yau a karo na farko, a gurbin iyayen ango, amma wanda ya rubuta ya ji ne da kunnen mai yarenmu na Bisaya, ko Balarabe ba zai gane shi ba.

Na san abin da Manong zai ce: rashin takarda ba hujja ba ne. Kuma gaskiyarsa. Abin da ke ba ni haushi da shi ke nan tun muna yara.

Laraba, 16 ga Oktoba, tsakar rana

Na je gidan Manong lokacin da na san yana wurin likitan ido. A falonsa akwai wata wasiƙa da rubutun Larabci a cikin gilashi, rataye tsakanin hoton Zuciyar Yesu da takardar shaidar zamansa lauya. Na sauke ta na sa a jaka. Aro na yi. Wanda ya ce sata ce ya kai ni kotu, alƙalin ma ɗan'uwana ne.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Hadji Macaraya, Bamaranawe daga ƙabilun kudu, wanda ke sayar da lu'ulu'u da agogo a layin Musulmi na kasuwa, waɗanda mutanen gari ke kira Moro, ya yi shekara goma sha ɗaya yana tuƙi a Saudiyya. 'Ya'yansa biyar duk a hannuna suka faɗo. Da na miƙa masa gilashin sai ya duba, ya dube ni, ya juya shi sama ya koma ƙasa.

"Manang Nila, tun yaushe take rataye haka?"

"Tun kafin a yi maka kaciya."

"To tun lokacin a kife take."

Rubutun ya fi ƙarfinsa, sai ya ɗauki hoto ya aika wa wani abokinsa mutumin Sham. Muna shan shayin citta amsa ta zo. Ƙanwar Lolo ce ta rubuto, sunanta Badriyya, a 1931. Ta ce mahaifiyarsu ta rasu a lokacin sanyi tana tambayar ko jirgin ruwa ya iso. Ta ce an sare bishiyar da ke tsakar gida. Ta ce Abdo, ka dawo, ko ba ka da komai ka dawo. Sunan Allah ya fito sau shida, amma Hadji ya ce kada in yi murna, Kiristocin can ma haka suke rubutawa.

Bai koma ba. Shekara bakwai ya ƙara a nan da wannan takarda a akwatinsa. Na yi kuka a gaban masu sayen agogo, ban ji kunya ba.

Da zan tafi na tsaya a famfon bayan rumfarsa don in wanke fuskata. Ban san ma na fara ba. Hannu sau uku, kurkurar baki, shaƙa ruwa a hanci, fuska, damtse zuwa gwiwar hannu, shafar kai, kunnuwa, sannan ƙafa. Na ɗago na ga Hadji tsaye, ya bar mai ciniki yana jira.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Nanay. Wankin Turko muke ce masa. Ta ce kada mu taɓa kabarin mahaifinta sai mun yi shi. Ni kuma ya zame min jiki, duk haihuwar da zan karɓa sai na yi."

Ya ce, "Ranar da kika karɓi haihuwar 'yata Norhata, matata ta ce min ungozomar nan alwala ta yi. Na ce mata zafin naƙuda ne ya sa take gane-gane. Shekara ashirin da biyu ke nan, yau sai na je na ba ta haƙuri."

Na tambaye shi yadda suke kwantar da mamatansu. Ya ce ba akwati, sai farin yadi. A kan gefen dama, fuska tana kallon Makka, wato daga nan wajen faɗuwar rana, a ɗan karkata arewa. Na tambaye shi ko ana ƙona su. Ya ce haramun ne.

Asabar, 19 ga Oktoba, da safe

Ruwa tun asuba. Ban sa hannu ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba, bayan an tashi coci

Labari ya riga ni zuwa. Matan da muke jan carbi tare shekara talatin sun matsa sun bar min benci guda ni kaɗai, kamar mai ƙyanda. Na baje jakata da lemata na ji daɗin wurin.

A bakin ƙofa Manong ya tare ni, da rigar ƙungiyar dattawan coci a jikinsa.

"An ce kina yawo a layin 'yan Moro da takardar gidanmu."

"An faɗi gaskiya. A kife ka rataye ta."

"So kike a ce Alƙali Honorio jikan Moro ne? A garin nan? Kin san irin kallon da za a yi wa jikokina a makaranta?"

"Ni Katolika aka haife ni, Manong, Katolika zan mutu. Ba kaina nake nema wa addini ba. Mutum ne ba na so a ƙona alhali bai yarda da ƙonawa ba."

Sai ya rage murya. "Je ki dubi kabarin. A miƙe yake, da gicciye a kansa. Wa ya miƙar da shi, Inday? Wa ya sa gicciyen?"

Na buɗe lemata, ko da yake ba a ruwa.

Litinin, 21 ga Oktoba

Ba abin rubutawa.

Laraba, 23 ga Oktoba, da hantsi

An kafa jajayen turaku a bayan makabarta. Ɗaya yana daidai kan Lolo.

Asabar, 26 ga Oktoba, ƙarfe shida na safe

To, 1978. Littafina ne, ba wanda zai tsayar da ni a bakin ƙofa.

Shekarata ashirin da biyar, na fara aiki a asibitin gari, ina ji da farar rigata. Duk ranar ziyarar matattu sai mutane sun leƙo ta kan katanga suna dariyar kabarinmu: ga na Turko can, ko a mutuwa bai iya bin layi ba. Na gaji. Na ɗauki magini, na ce ya fasa tsohon murfin ya zuba sabo a miƙe, daidai da katanga, ya kafa gicciye. Wannan Manong ya sani, kowa ya sani, har yaba min aka yi.

Abin da bai sani ba shi ne Nanay ta biyo ni wurin da safiyar ranar, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Ta riƙe hannuna ta ce maginin farko ba a buge yake ba. Ta ce wata guda kafin Lolo ya mutu ya kawo ta nan, yana dogara sanda, ya zana layi a ƙasa ya ce nan fuskarsa za ta kalla. Ya sa ta maimaita har sau uku. Ranar binnewa manya suna ta gardama, ita yarinya 'yar shekara goma sha uku ta tsaya a kan layin ta ƙi gusawa har masu haƙa suka bi ta. Wasu mutum biyu daga jiragen ruwan kudu suka zo da farin yadi suka yi sauran. Bai taɓa faɗa mata dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Ni kuma na ce, "Nanay, mutane dariya suke mana."

Ta saki hannuna. Shekara goma sha takwas ta ƙara a duniya, ba ta sake taka wajen katangar nan ba, ba ta kuma taɓa ɗaga maganar ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Na ji kunya a lokacin, ina jin kunya yanzu, amma ba iri ɗaya ba ce.

Talata, 29 ga Oktoba, da yamma

Hadji ya ce ya yi magana da limaminsu. In ta tabbata nasu ne, akwai wuri a makabartarsu ta bayan gonakin rake. In ba ta tabbata ba, ba za su karɓi mutumin wasu ba, kuma ba na ganin laifinsu.

Saura kwana bakwai. Takardu sun ƙare min. Gara ta ci ɗaya, wuta ta ci ɗaya, ta ukun ta ƙi ɗaukar gefe.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Ranar ziyara. Makabarta ta cika kamar kasuwa, kyandirori, rumfuna, rediyo, kowa yana shafa wa nasa farar ƙasa. Na kunna wa Nanay kyandir a ciki, sannan na zaga waje da bokitina na yi wankin Turko a gaban kowa. Wanda zai kalla ya kalla.

Manong ya iso da gasasshen alade guda, 'ya'yansa suna ɗauke da shi, za su ɗora a kan murfin kabarin kamar tebur. Na ce wanda ya ajiye shi a nan, da shi da aladen zan tura cikin kwata. Suka kai shi can gefe.

Na faɗa masa abin da Nanay ta ce min a 1978, duka, har da amsar da na ba ta.

"Shaidar mamaci ce, daga bakin mai son kanta," in ji shi. Amma muryar ba ta alƙali ba ce. Ya ce, "Inday, ni ba don mutane kawai ba ne. Likita ya ce min abin da ya ce. So nake in ga mun taru a bango ɗaya, ni da Pacita da shi, da ke in lokacinki ya yi. Mutumin nan ya yi shekara tamanin a waje shi kaɗai."

Ban san yana ganin wani likita ban da na ido ba. Ban tambaya ba, shi ma bai ƙara ba. Na so in rungume shi, na kuma so in buga masa bokitin.

Na fito da takardar, da tabon gindin tukunya a jikinta, na sa hannu a wuri biyun. Na miƙa wa Manang Dioscora, wadda ke zaune kusa a kan kabarin mijinta tana cin gyaɗa.

"Ranar Litinin za a tona. In an same shi cikin akwati, a rigingine, Manang ta ba ka wannan, ni da kaina zan ɗauki tulun zuwa coci. In an same shi yadda Nanay ta ce, nawa ne."

Ya gyara tabarau. "Kin yarda da hukuncin ƙasa?"

"Gani ya kori ji, Manong."

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da rana

Idan Nanay ta manta fa? Idan ruwan shekara tamanin ya cinye komai? Na sa hannu. Da hannuna na sa.

Litinin, 4 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Ƙarfe bakwai suka fasa murfin. Simintin da na zuba ya yi taurin kai, irin na mai shi. Manong yana kan kujerar roba da lema, Hadji yana tsaye can nesa da hularsa a hannu, Manang Dioscora ta rungume jakarta.

Suka haƙa a miƙe, yadda murfin ya nuna. Har ƙugu ba komai. Har ƙirji ba komai, ba katako, ba ƙusa ko ɗaya. Babban mai haƙan ya ce ko dai ba kowa a nan. Na ce ya ba ni hanya. Suka ce Manang Nila, gwiwarki. Na ce gwiwar tawa ce.

Suka sauke ni da tsani. Na durƙusa na bi bangon ramin da tafin hannu, yadda nake bin cikin mai juna biyu. A kusurwar arewa ƙasar ta fi laushi. Na ce su bar shebur, su kawo cokalin magini.

Kafaɗa muka fara samu, ta hagu, a sama. Sannan haƙarƙari, jere a kan juna. Ƙafafun sun fita ta ƙarƙashin gefen murfina, can inda ba wanda zai nema. Kan yana arewa, kunci a kan ƙasa, fuskar tana kallon gonakin rake inda rana take faɗuwa. Duk abin da na zuba a samansa bai gusar da shi ko da yatsa ɗaya ba.

Na ɗaga kai na ce, "Gefen dama, Manong."

Ya taso ya leƙa. Manang Dioscora ta buɗe jaka ta miƙa masa takardar ba tare da ya nema ba, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu bayan biron.

Hadji ya matso da farin yadi, ya ce ana buƙatar mutum biyu na jini su ɗauka. Na ce ni ɗaya ce, zan iya. Sai na ji Manong yana cewa a ba shi bokiti.

Ya zauna a bakin ramin, alƙali guda, ya cire takalmi da safa, ya naɗe hannun riga. Ya wanke hannu sau uku. Ya kurkure baki. Ya shaƙa ruwa ya yi tari. Sannan ya tsaya, ruwa yana zuba ta tsakanin yatsunsa.

"Inday, bayan hanci me Nanay take yi?"

"Fuska, Manong."

Laraba, 6 ga Nuwamba, da hantsi

Mun kai Lolo makabartar su Hadji jiya. Suka yi masa sallarsu a tsaye, mu biyu muna baya, Manong yana jan carbinsa a cikin aljihu. Ba wanda ya hana shi. Ya sa an rubuta a allon: Abdo, ɗan'uwan Badriyya, daga Homs. Wasiƙar ta koma falonsa, ni na rataye ta da kaina.

Kafin mu tafi na tsaya na duba makabartar daga bakin ƙofa. Duk kaburburan wurin a karkace suke, ɗari da wani abu, kowanne ya ba titi kafaɗa yana kallon faɗuwar rana. Na nemi na Lolo a cikinsu, sai da na ƙirga layi kafin na gane shi.

Gobe zan je in faɗa wa Nanay.